Shekarar da Ɓeraye Suka Shiga Littattafan Garzali

Garzali ya rasu a cikin watan Sha'aban na bana, 1979, ana tsakiyar damina. Ni ne Ɗantani tela, mai shagon da ke jingine da ɗakin karatu na garin Gaya. Shekara goma sha bakwai bango ɗaya ne tsakanina da shi, kuma har yau idan na ji an taɓa ƙofar ɗakin nan sai in ɗaga ƙafa daga kan keke, ina jiran in ji sallamarsa.

Mutumin Kademi ne. Kurkunu ya kama shi a ƙafar hagu yana ɗan shekara tara. Ya warke, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, ya tashi yana ɗingishi. Da aka zo neman yaran da za a sa a makarantar boko, mahaifinsa ya duba 'ya'yansa, ya ba da wanda ba ya iya wuni a gona. Garzali kan ba da labarin yana dariya, ya ce shi kaɗai ne mutumin da tsutsa ta kai makaranta. Shekara huɗu ya yi a elementare. Daga nan ya dawo Gaya da zama, yana rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa.

A 1962 En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, ta gina ɗakin karatu. Ɗaki guda ne mai rufin kwano, da kabad biyu manya a jikin bangon baya, da kanta, da dogon tebur, da benci uku. Masu ilimi mai zurfi babu wanda ya so aikin kula da shi, sai aka ba Garzali. Wata biyun farko ba wanda ya taka ƙofar. Mutane sun hango tebur da takardu, suka ce in ba kotu ba ce to wurin haraji ne, kowa ya riƙa ratsewa ta bayan shagona. Da ya gaji da zama shi kaɗai, sai ya jawo benci waje ƙarƙashin bishiyar maina, ya fara karanta jarida da ƙarfi bayan la'asar, ko da mai ji ko babu.

Ranar muka fara magana. Ya leƙo shagona ya ce, "Tela, don Allah ko keken nan naka zai yi mana shiru kaɗan?"

Na ce, "Ku da wa? Ni dai kai kaɗai nake gani, sai akuyar can."

Ya ce, "To ai ta fi ka natsuwa."

Na tsayar da keken don in ga inda abin zai ƙare. Ban sake taka shi ba sai da aka kira magariba.

Kafin shekara ta kewayo, benci uku ba sa isa, sai an shimfiɗa tabarmi. Idan ya gama jarida sai ya ɗauko littafin labari ko na noma ya ci gaba. Littattafan Hausa ba su da yawa, saboda haka in ya kai ƙarshe sai ya koma farko. Akwai waɗanda aka karanta mana sau ashirin ko fiye, har ta kai idan ya tsallake layi don sauri, wani daga baya zai ce, "Malam, ka bar wurin da jakin ya ƙi tafiya." Sai ya koma.

Shi ya koyar da ajin manya a cikin ɗakin, kwana uku a mako. A nan na koyi boko ina da shekara talatin da huɗu. Da, awon mutane da ƙullin zare nake riƙe shi, kowane mai ɗinki da zarensa a rataye a ƙusa. Ranar da na fara rubuta awo a takarda, Garzali ya karɓa ya duba, ya ce hannuna kamar sawun kaji, amma kajin sun san inda za su.

Kowace ranar kasuwar Ajingi yakan cika akwatin katako da littattafai, a ɗora masa a motar 'yan kasuwa. Can yakan shimfiɗa tabarma kusa da masu sayar da igiya, ya ba da aro ya karɓi na makon jiya. A wurin ya haɗu da Bappa, wani tsohon Bafillace na Gafasa da ya daina yawon kiwo ya zauna noma. Bappa bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma ba ya fashin aro. Surukinsa ke karanta masa. Shi ya laƙaba wa Garzali suna Modibbon Boko, wato malamin boko da Fulatanci.

Matan gari kuwa Hansai ce tasu, matar Garzali. Shi ya koya mata karatu a gida. Takan sa littafi a cikin kwano ta rufe da faifai kamar mai kai tuwo, ta shiga gida gida da hantsi tana karanta wa mata suna ɓarar gyaɗa. Lokacin yaƙin basasa, wasiƙun sojoji rabi a ƙarƙashin maina aka karanta su, rabi a tsakar gidaje a bakin Hansai.

Yana da hali ɗaya da na sha yi masa faɗa a kai. Tsoron amana ya yi masa yawa. Tsohuwar jarida wadda ta shekara, na roƙe shi in yanka in fitar da samfurin wuyan riga, ya ce sai ya rubuta ofis ya tambaya. Ya kuwa rubuta. Amsa ba ta zo ba, ni ma ban samu jaridar ba.

A 1976 aka sauya tsarin mulki, aka ce babu En'e kuma. Cikin watan kaka wani jami'i ya zo daga ofishin da aka mayar da mu ƙarƙashinsa, sunansa Malam Abdulsalam. Mutum ne mai kunya, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce babu abin da aka ware don jarida ko sabon littafi ko gyaran rufi. Ya ce kuma takin zamani zai zo da yawa kafin shuka, ana neman inda za a ajiye shi, kuma a duk garin babu ɗaki mai kwano da ƙofa mai kyau da ya wuce wannan.

Garzali ya ce, "Ranka ya daɗe, littattafan fa?"

Ya ce, "Za a ɗaure su a kai birni."

Malam Abdulsalam ya dubi mutanen da ke zaune a ƙarƙashin maina suna jiran karatu, ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce abin da zai iya shi ne ya jinkirta. Zai dawo kafin ruwan fari. In ya tarar mutanen gari sun riƙe ɗakin da kansu, littattafai kuma suna nan lafiya, zai rubuta a bar shi. In ba haka ba, zai karɓi makulli.

Garzali bai iya roƙo ba. Ya yi kwana biyar yana shirya maganar da zai yi wa jama'a, ranar da ya tashi yi kuwa sai ya karanta jarida ya rufe ya shige ɗaki. Ni ne na ba da labarin a shago, labarin ya bi motar kasuwa ya kai Ajingi.

Ranar wata Laraba da hantsi sai ga Bappa da jaki, ɗauke da dami biyu na dawa. Ya sauke a bakin ƙofa ya ce, "Modibbo, ga abincin littattafanka."

Garzali ya ce, "Bappa, ai ba sa ci."

Bappa ya ce, "Kowane malami a ƙasar nan in an yi girbi ana kai masa dami. Su waɗannan ba malamai ba ne? Shekara nawa suna koya mini, ban taɓa ba su ko zangarniya ba."

Haka abin ya fara. Kuɗi a hannun manomi abu ne mai wuya, amma dami a lokacin kaka kowa ya san yadda ake ba da shi. Daga Kademi aka kawo, daga Gafasa aka kawo, daga unguwannin Gaya aka kawo. Matan da Hansai ke yi wa karatu suka aiko da gyaɗa a ƙwarya. Kafin mako uku dami ya haura sittin. Shawarar kowa ɗaya ce, kuma ita ce shawarar da duk manomi zai bayar: kada a sayar yanzu da hatsi ke arha, a riƙe sai bazara in ya yi tsada, sannan a sayi littattafai da kwanon gyara.

Sai maganar wurin ajiya. Na ce masa ga rumbunsa a gida rabi babu komai, a zuba a ciki. Ya girgiza kai.

"In ya shiga gidana, Tela, ranar da Hansai ta yi tuwon dawa sai wani ya ce na littattafai ne. Kuma ni kaina ba zan san wanne ne nawa wanne ne nasu ba."

"To a kai nawa rumbun."

"Sai a ce mun haɗa baki."

A cikin ɗakin karatun ya jera damin, a jikin bangon baya, tun daga ƙasa har kusa da rufi. Suka rufe kabad ɗin nan biyu ruf. Ya fitar da littattafan da ake yawan nema ya sa a kanta da akwatin Ajingi, sauran ya kulle su a kabad, ya ce ai wata uku ne ko huɗu. Masu bayarwa ma abin ya yi musu daɗi. Mutum ya shigo ya nuna wa ɗan'uwansa, ya ce ga nawa can na uku daga sama.

Ba a yi wata ba muka fara ganin kashin ɓera a kan tebur. Na ba shi aron magena, wadda ta shiga ta hau saman dami ta mayar da wurin ɗakin barcinta. Ya ɗana tarko, yana kama ɗaya ko biyu. Na ce masa, "Malam, anya kabad ɗin nan?"

Ya ce, "Ga dawa har rufi, me zai kai ɓera ga takarda? Ko kai aka ajiye maka tuwo ka ci faifai?"

Na ga maganar ta yi ma'ana, na bar shi. Ni ma da laifina.

Da bazara ta kama, dawa ta yi tsada kamar yadda aka zata. Aka kira masu saye, aka kwashe damin nan cikin yini ɗaya. Garzali yana ta fara'a, har ya rubuta sunayen littattafan da zai sayo a Kano. Bayan azahar, da ɗaki ya zama fili, ya ɗauko makulli ya buɗe kabad na farko. Ina tsaye a bayansa.

Ɓerayen sun huda katakon ta baya. Ba yunwa ta kai su ba. Takardar suka yayyaga suka yi shimfiɗar haihuwa da ita. Kowane hawa na kabad ɗin akwai tarin yagaggiyar takarda kamar auduga, da 'ya'yan ɓera jajaye a ciki. Wani littafin an cinye gefensa, wani an huda tsakiyarsa, wani bango kawai ya rage. Kabad na biyu ya fi na farko lalacewa.

Garzali ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafar nan tasa mai ciwo. Ya ɗauki wani ɗan guntun takarda yana juya shi, yana ƙoƙarin karanta rabin kalmar da ke jiki. Tun da na san shi ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Muka ware su. Cikin littattafai wajen ɗari huɗu, casa'in da wani abu sun taɓu. Malam Abdulsalam kuwa saura kamar mako biyar ya dawo.

Ba zan ɓoye abin da na ce ba. Na ce, "Mu biyu kaɗai muka gani. Kawo su shagona in tura ƙarƙashin yadi. In ya zo ka ce suna hannun masu aro a Ajingi. Wa zai bi ƙauyuka yana ƙirga?"

Ya ce, "Mutanen Ajingi fa? Su zama ɓarayin littafi a takardar ofis?"

"To ka ce gara ce. Gara ba laifin kowa ba ce."

"Ɓera ne, Ɗantani. Kuma ni na kawo masa abinci har ɗaki."

Washegari bayan la'asar mutane suka taru kamar kullum. Ya fito ba jarida a hannunsa, sai kwando cike da yagaggiyar takarda. Ya ajiye a tsakiyar tabarma ya faɗi abin da ya faru tun daga farko, bai rage ba. Ya ce an ba shi shawarar rumbu ya ƙi, don yana gudun bakin mutane, ga shi ya tsare sunansa ya bar amanar ta lalace. Ya ce duk wanda ya ba da dami ya yafe masa.

Ranar Bappa yana gari, ya kawo saniya wurin mai duba dabbobi. Ya matso ya sa sanda ya tona kwandon.

"Modibbo, wanne da wanne suka ci?"

Garzali ya fara lissafa masa. Da ya zo kan littafin labarin wani falke da matarsa, wanda kowa ke so, ya ce shafi goma sha ɗaya na tsakiya sun tafi.

Bappa ya ce, "Daga ina zuwa ina?"

"Daga inda ya isa bakin kogi."

Sai Bappa ya gyara tsayuwa ya fara faɗo shi. Ba labarin kawai ba, kalmomin littafin, da Hausarsa ta Fulani. Ya yi layi huɗu ko biyar ya tsaya yana neman na gaba, wani mahauci daga gefe ya ɗora masa. Wani ya ce a'a, an tsallake wurin da ya cire takalmi. Kafin a ankara mutum goma suna gardama a kan ko kwalekwalen na masunci ne ko na mai fito.

A cikin masu saurare akwai Alaramma Datti, mai makarantar allo a unguwarmu, wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau uku. Ba ya zama a tabarmar, yakan tsaya daga nesa kamar mai wucewa. Ranar ya ƙaraso. Ya ce, "Wannan hayaniyar ba za ta mayar da ko shafi ɗaya ba. Rubutu da ka yana da ƙa'ida. Garzali, in kana so in nuna muku."

Garzali ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, ai littattafan boko ne."

Ya ce, "Na ji. Ba ni zan rubuta ba. Ni zan hana ku ƙarya."

Tsarin da ya kafa shi ne, ba a rubuta layi sai mutum uku da ba su zauna tare ba sun faɗe shi iri ɗaya. Ana kiran mutum ɗaya cikin ɗaki ya faɗa, ya fita, a kira wani. In sun saɓa a nemi na huɗu. Guntayen takardun kwandon nan kuwa ya hana a taɓa su, ya sa aka baje su a tebur, duk wanda ke ɗauke da kalma biyu ko uku aka nemi gurbinsa, ya zama shaida. Alaramma ya ba da takarda da tawada daga nasa. Mu da muka fito daga ajin manya, mu takwas, muka yi rubutun. Ni na ɗinke shafukan da zaren lilo, dukawan kasuwa suka yi bango da ragowar fata.

Ana cikin haka mutanen Kademi suka kira gayya. Kwana huɗu suka gina rumbu a bayan ɗakin, a kan duwatsu, nesa da bango taku ashirin. Bappa ya auna takun da kansa, ya ce ko ɓeran ya yi elementare ba zai gane hanya ba.

Rigima ɗaya aka yi mai zafi, a kan ƙarshen labarin falken nan, don shafin ƙarshe ma ya tafi. Maza duka suka ce matar ta mutu kafin ya dawo daga fatauci. Aka aika a tambayi mata, sai saƙo ya dawo daga gida bakwai cewa ƙarya ne, ya dawo ya same ta da rai har ta haihu. Aka yi kwana biyu ana aike. A na uku Garzali ya shiga gida, ina zaune a zaure ina jinsu.

"Hansai, yaya ƙarshen labarin nan yake?"

Ta ce, "Yadda maza suka faɗa."

"To matan fa?"

"Malam, ranar da na fara karanta shi a gidan Sarkin Pawa kuka aka yi har tuwo ya ƙone. Akwai waɗanda mazansu ke bakin daga a lokacin. Shi ne na raya ta."

"Shekara nawa kina raya ta?"

"Tara. Kuma lafiyarta ƙalau."

Alaramma ya yanke hukunci a rubuta abin da ke cikin littafin na asali. Amma ya yarda a rubuta na Hansai a takarda dabam a liƙa a bangon baya, da sunanta a sama.

Ba duka aka samu ba. Na Turanci babu wanda ya haddace su, sun tafi ke nan. Akwai kuma littafin cututtukan shanu, wanda shafi shida suka lalace, daidai wurin awon magani. Mutum biyar suka rantse sun riƙe shi, har uku sun dace. Garzali ya ƙi. Ya ce labari in an yi kuskure ba mai mutuwa, amma wannan saniyar wani ce. Ya sa na ɗinka farar takarda a gurbin, ya rubuta a kai da hannunsa: "Ɓera ya ci shafi shida a nan, ta dalilin sakacin mai kula da ɗaki. Kada kowa ya yi aiki da zato. A tambayi malamin dabbobi." Gaba ɗaya littattafai hamsin da bakwai muka mayar.

Malam Abdulsalam ya zo ranar da hadari ya fara haɗowa a gabas. Kafin ya zauna Garzali ya faɗa masa komai, ya jera masa waɗanda aka gyara a gefe ɗaya, bangon waɗanda suka tafi a ɗaya gefen, da sababbi goma sha biyu da aka sayo da kuɗin dawa. Mutane sun cika ƙarƙashin maina.

Ya ɗauki littafin falken yana buɗawa. Ya ce ya karanta shi yana makaranta. Ya bi shafukan hannu a hankali yana motsa baki, ya kai bangon baya, ya karanta na Hansai. Ya yi murmushi ya ce, "Da wannan aka ba mu, da ban yi kuka a aji ba."

Sannan ya ɗauki na shanu. Ya iso farar takardar nan, ya karanta, ya sake karantawa.

"Wa ya sa ka rubuta sakacinka a cikin littafi, inda kowa zai gani?"

Garzali ya ce, "Don kada a zargi mai aro, ranka ya daɗe."

Malam Abdulsalam ya rufe littafin. Ya ce, "Gaskiya da niyyar karɓar makulli na zo. Sharaɗina littattafai su kasance lafiya, kuma ba su kasance ba. Amma ban san yadda zan rubuta cewa garin da ya yi wannan aiki bai riƙe ɗakinsa ba. Damuwata ɗaya ce. Motar taki tana hanya, kwana goma ya rage, kuma ba ni da inda zan sa shi."

Bappa ya leƙo ta taga ya ce, "Yaro, buhu nawa ne?"

Ya faɗa masa.

Bappa ya juya wajen mutanen Kademi ya ce, "Kun ji. Rumbu kwana huɗu ya ci muku. Ɗakin taki fa?"

Wani ya ce in mutanen Gafasa za su zo da jakunansu su ɗebo ƙasa maimakon surutu, kwana bakwai. Bappa ya ce za su zo, amma a sani Fulani ba sa aiki sai da fura. Aka yi dariya, dariyar farko da na ji a wurin nan cikin mako biyar.

Kwana takwas ginin ya ci. Kwanon da aka saya don gyaran ɗakin karatu aka raba biyu, aka rufa wa siton taki rabi. Ruwan fari ya sauka kwana biyu bayan an shigar da buhun ƙarshe. Takardar Malam Abdulsalam ta iso bayan wata guda, cewa ɗakin karatu ya zauna a hannun mutanen gari, Garzali kuma ya ci gaba da riƙe makulli.

Kaka biyu ya ƙara gani. Kowace shekara dami ya shigo, aka zuba a rumbu, dattawa uku ke buɗe shi tare, shi kuwa ya ce ko kusa da shi ba zai je ba. Aka dawo da sayen jarida, aka sake littafin shanu sabo. Bara da rani mutanen Ajingi suka gina nasu ɗan ƙaramin ɗaki, suka fara nasu damin. Ya je buɗewa, ya dawo yana ta ba ni labarin tagoginsa kamar wanda aka yi wa jika.

Ciwon ciki ne ya kwantar da shi, mako uku. Kullum ina zuwa bayan azahar in zauna a bakin gadonsa. Bai yi mini wata doguwar wasiyya ba. Ranar ƙarshe da ya iya magana ya ce ƙafar benci na tsakiya tana rawa, in sa a gyara kafin ta kayar da wani tsoho. Na ce to. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya ba Hansai da mu haƙurin rashinsa.

Dattawa sun ce in riƙe makullin kafin a sami wanda ya dace. Kwana tara bayan an binne shi, ina cikin ɗakin ina share tebur, wani makiyayi ya yi sallama. Ban san shi ba. Ya kwance wani ƙyalle ya fito da littafi, ya ce tun kafin su tafi kudu da shanu ya ara, yanzu suka dawo, ina Modibbo?

Na faɗa masa. Ya zauna a bakin ƙofa ya rufe fuska da rawaninsa. Na bar shi har ya natsu. Ya yi addu'a, muka shafa. Ya tashi kamar zai tafi, ya kai bakin maina, sai ya dawo ya tsaya yana murza sandarsa.

Ya ce, "To yanzu an daina bayarwa ke nan?"

Na ce, "Ba a daina ba. Shigo ka zaɓa."